Sallar da Aka Yi Wa Sulemana a Xintang

A shekarun da na yi ina karatun injiniya a wajen birnin Dhaka na Bangladesh, abokin ɗakina ya sha jana zuwa wani ƙaramin zaure inda ake nuna finafinan da ba a kai su silima. Masu yin su kan ɗauko tsofaffin littattafan Bangali, irin waɗanda kowane yaro ya karanta a makaranta, su juya su har su zama kamar mafarkin mai zazzaɓi. Na ga wanda wata mata ke girki a ɗakin da ruwa ya kai mata gwiwa, ba ta ko kula ba. Na ga wanda ango ya shiga gidan biki da ƙyauren ƙofa goye a bayansa. In an kunna fitila sai a shiga muhawara, ni kuwa hankalina yana kan abincin dare. Ban raina wahalar da suka sha ba, amma na koma Kano da yaƙinin cewa irin wannan aiki ba ya taɓa rayuwar kowa. Mutum talatin za su gani, su tafa, su watse, gari ya waye kowa ya kama abin da ya dame shi. Har yanzu ban tabbata cewa na yi kuskure gaba ɗaya ba. Sai dai na haɗu da mutum ɗaya da irin wannan fim ya taɓa tun kafin a gama shi, kuma labarinsa nake son in rubuta.

Aikin injiniya bai samu ba, sai kawuna mai shago a Kantin Kwari ya fara aikena Guangzhou ta China sayo kaya. A zuwana na bara na je Xintang neman wandunan jins. Gari ne da duk ƙofar da ka leƙa ɗinki ake yi. Wanduna a tule a bakin titi, tsofaffin mata zaune a kan ƙananan kujeru suna tsinke zare, wani shuɗin gari yana yawo a iska yana shiga hanci. Ina tsaye a wani shago sai na ji wani yana faɗa a waya da Bangalanci. Da ya gama na gaishe shi da harshensu, ya dube ni kamar ya ga aljani, sannan ya rungume ni.

Sunansa Mizan. Aikinsa duba yadi kafin a loda shi zuwa masana'antun ƙasarsu. Gajere ne mai furfura a gefen kai, ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ya ja ni ofishinsa a saman bene, ya haɗa mini shayi mai madara irin na can, ya tambaye ni wane harshe muke yi a gida. Da na ce Hausa, sai ya ajiye kofinsa.

"Allah ne ya kawo ka," in ji shi. "Ina da fim. Shekara da shekaru ina yin sa, ranar hutu, da kyamarar aro. Yanzu wani bikin finafinai ya karɓa, daga nan kuma zai hau intanet. Mutumin da ya fito a ciki Hausa yake ji, kuma ya ce bai yarda ba. Ni da shi Sinanci muke ɗan taɓawa da Turanci, irin na loda kaya. Wannan maganar kuwa ta fi ƙarfin harshen loda kaya."

Na ce me ya sa bai yarda ba.

"Saboda a garinsu ya mutu. Matarsa, 'yarsa, kowa ya san ya mutu. In fim ɗin ya fita za su ga yana raye."

Ranar Lahadi da la'asar na koma, na tarar da mutumin a ofishin yana zaune a kan dilar yadi. Dogo ne, ya kusa hamsin, ƙashin kafaɗunsa ya fito. Hannayensa har gwiwar hannu shuɗi ne, shuɗin da ya riga ya zauna a fata. Na yi sallama. Ya tsaya yana kallon bakina.

"Sake faɗa," ya ce.

Na sake sallama, na ƙara da ina wuni.

"Kai! Ɗan Kano ne. Hausar rediyo." Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Rabona da Hausa sai a mafarki. A mafarkin ma bashi ake bina da ita."

Na ce, "Malam Sulemana, ya aiki?"

"Cire malam ɗin, ƙanena, ba nawa ba ne. Lawban ɗina, wato maigidana, Su yake ce mini, ya ce sauran sunan ya yi masa tsawo. Wannan kuma," ya nuna Mizan da haɓa, "Sule bai, wai yaya Sule da harshensu. Kowa ya yanki inda ya ga dama."

A unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife shi. Ubansa gyaran takalma yake yi a bakin tasha, shi kuma tun yana saurayi ya shiga lodin manyan motocin da ke zuwa arewa. A nan wani attajiri mai odar takalma ya ga yadda yake shirya kaya, ba ya barin gurbin da ko ɓera zai shiga, ya ce irinsa yake nema a China. Lokacin ya auri Humu, 'yarsu Hamdia ba ta shiga makaranta ba. Aka ce shekara biyu zai yi.

Ya yi aiki a Guangzhou, a titin Zhanxi Lu, inda manyan kasuwannin takalma suke kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya ce mini sana'ar tana da sirri: a fitar da takalmi daga kwalinsa, a haɗa kai da dunduniya, a naɗe kwalayen daban, sannan mutum ya hau buhun ya zauna. "Abin da ɗan China zai sa a kwantena biyu, ni ɗaya nake sa shi. Har suna kiran juna su zo kallo." Wannan ne kawai wurin da na ji alfahari a muryarsa.

Daga baya kasuwar maigidansa ta karye, ya daina zuwa, ya daina ɗaukar waya. Bizar Sulemana ta ƙare. Ya ce zai yi wata uku ya haɗa kuɗin jirgi da na tarar da za a ci shi. Wata uku ya zama shekara, shekara ta zama shekaru. Mahaifiyarsa ta rasu bai je ba. Humu ta kama sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ya ce duk wayar da suka yi, da gaisuwa ake farawa, a ƙare da shiru, kuma Hamdia kullum tambayarta ɗaya ce: Baba, yaushe za ka dawo? Shi kuma amsarsa ɗaya ce: bayan Salla.

Da binciken takardu ya yi zafi a cikin birni, sai ya gudo Xintang. Ya samu wani ƙaramin wurin wankin jins, inda ake juya wanduna da duwatsu da sinadari don su koɗe su yi kamar tsofaffi. Mai wurin ya ba shi ɗaki a sama, bai tambaye shi fasfo ba. Bai gaya wa 'yan garinsu da ke Guangzhou inda ya koma ba, har abokinsa Braimah, don kada labari ya bi baki ya kai inda ba a so.

A nan Mizan ya gan shi wata rana ɗauke da dila a ka, yana tafiya ba ya ko riƙe ta. A garin ba mai ɗaukar kaya a ka. Mizan ya ce ya bi shi a baya har lungu uku, domin ya ga mutumin da ya daɗe yana nema.

Littafin da Mizan ya ɗauko, mahaifinsa ne ya karanta masa tun yana yaro. Labarin wani ɗan dako ne a bakin kogi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kai kayan mutane cikin jirgin ruwa, shi bai taɓa haye kogin ba. Ya tsufa, ya mutu, mutanen tashar suka yi masa salla. Nan littafin ya tsaya.

"A littafi ya huta," in ji Mizan. "A nawa fim babu hutu. Ana gama salla zai tashi ya sake ɗaukar kaya. Wannan tashin shi ne fim ɗin. Sauran duk hanya ce."

Na fassara wa Sulemana. Ya ce, "Ka ji mugun mutum. Ko gawa ba ya bari ta huta."

Mizan ya buɗe kwamfuta. Sulemana bai taɓa ganin fim ɗin a haɗe ba, ya ce ba ya so, amma bai tashi ba.

Ba zan ce na fahimci komai ba. Kogin ba ruwa ba ne, wandunan jins ne da aka ƙi saye, an shimfiɗa su sun cika tsakar gida da lungu, wasu mutane a gefe suna jan su a hankali har su yi kamar igiyar ruwa. Daga sama takalma ne rataye da zare, ɗaruruwa, duk na ƙafar hagu. Sulemana ne ya samo su, samfuran da shagunan Zhanxi ke zubarwa in yayinsu ya wuce, domin ƙafa ɗaya ake ajiyewa a kanta. Shi kuma yana tafe a cikin wannan kogi da kwali a ka. Duk kwalin da ya sauke, sai a ga wani ya fi shi girma a kansa. Ba magana, sai ƙarar injinan wanki. Na kalli fuskarsa a fim, na kalli ta kusa da ni, na ga yadda shekarun suka ci shi.

Sai aka zo wurin jana'iza. An ɗauka daga rufin bene, ana hango tsakar gidan gaba ɗaya. Sulemana na kwance a kan faifan katako cikin farin likkafani, an bar fuskarsa a buɗe an shafa mata wani gari mai toka-toka. Ma'aikata 'yan Bangladesh da Mizan ya tara sun yi sahu uku. Mizan ya tsayar da fim ɗin ya yi mini bayani: ya gaya musu tsayuwa kawai za su yi, ba salla ba, ba mai magana, ba mai motsi komai ya faru, domin ɗauka ɗaya za a yi kafin rana ta juya. Sulemana ma da wannan sharaɗin ya yarda ya kwanta.

Ya sake kunnawa. Ƙofar da ke kallon titi a buɗe take. Wani mutum ya wuce, ya dawo da baya, ya leƙo. Dattijo ne da farar kaftani da hula zanna, da leda a hannu. Ya tsaya. Ya ajiye ledar, ya cire takalmansa, ya taka kogin wandunan ya shigo. Ya dubi gawa, ya dubi sahu, ya ga ba kowa a gaba. Ya ɗan jira. Sannan ya gyara hularsa ya wuce gaba, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Mutanen sahun Musulmi ne. Da suka ji Allahu Akbar, hannayensu suka ɗagu kafin su tuna da wani darakta. Kabbara huɗu cif, ya sallame, suka sallame.

Ban san lokacin da na ce, "Alhaji Sharfaddeen ne!" ba. Layinsu ɗaya da kawuna a Kwari. Na sha jin yana ba da labarin ranar da ya tarar da gawar wani baƙar fata a China ba limami, Allah ya nufe shi da yi mata salla. Yakan ba da shi in ana zancen duniya ba komai ba ce, wani lokaci har idonsa ya kawo ruwa.

"Ka san shi?" Sulemana ya juyo gaba ɗaya. "Yana nan da rai?"

Na ce yana nan.

"Allah ya saka masa. Muryarsa kawai na sani. Idona a rufe yake."

A fim ɗin Alhaji ya matso, ya ciro waya ya ɗauki hoton fuskar daga ɗan nesa. Ya tambayi na ƙarshen sahu wani abu. Mizan ya ce suna ya tambaya, shi kuma mutumin ya rasa yadda zai yi, ya ce Sulemana, Ghana. Aka ji hon ɗin mota a waje. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi addu'a a gaggauce, ya ɗauki ledarsa ya fita, jirgi zai bi a ranar. Bayan fitarsa tsakar gidan ta yi tsit na ɗan lokaci. Sannan gawar ta tashi zaune, ta warware likkafanin zuwa ƙugu, ta sunkuya ta ɗauki kwali ta aza a ka, ta shiga kogin. Mutanen sahun suka buɗa mata hanya. Ni da ban yarda da irin finafinan nan ba, sai da tsigar jikina ta tashi.

Duk wanda ya yi zama a Guangzhou ya san abin da Alhaji ya yi daidai ne. In namu ya rasu a ƙasar nan ba a san danginsa ba, hoton ake sakawa a zaurukan waya na 'yan kasuwa, a rubuta wa ya san wannan bawan Allah, har ya isa hannun wanda ya sani. Kafin Alhaji ya sauka a Kano hoton ya isa wurin Braimah, Braimah kuma ya kira Kumasi.

Sulemana bai sani ba. A wurin wanki ba a shiga da waya saboda ruwa da sinadari, kuma a lokacin ya kan bar ta a kashe kwana da kwanaki don gudun tambayar da ba shi da amsarta. Da ya kunna, sai ya tarar da ta'aziyyarsa ta cika zauren 'yan Kumasi.

"Da farko dariya na yi," ya ce. "Na ce bari in kira Braimah da muryar fatalwa, in ga ko zai yi fitsari a wando. Har na danna lambarsa. Sai na ce bari dai in ji abin da suke cewa tukuna. Ƙanena, kada ka taɓa sauraron ta'aziyyarka. Wanda muka yi faɗa da shi a kan buhu ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Wanda ya daina amsa gaisuwata ya yi kuka. Sai ga saƙon Humu, Braimah ya turo shi cikin zauren, tana yi wa mutane godiya."

Ya murza tafin hannunsa da babban yatsa.

"Ta gode wa waɗanda suka wanke ni, da wanda ya yi mini salla. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira. Ta yi kuka, ba na ce ba ta yi ba. Amma na san muryar matata. Rabon da in ji muryar nan a kwance haka, tun Hamdia na goye. Kamar wadda ta daɗe da tulu a ka aka zo aka sauke mata. Na sake saurara, na sake saurara. Sai na cire layin wayar na jefa a magudanar rini."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya kira Mizan da wani ɗan Bangladesh, ya tsayar da su a bayan injinan wanki, ya ce su zama shaida ya saki Humu saki ɗaya. Mizan ya ce kalmar ɗalaƙ kawai ya gane, amma ta isa. Lissafin Sulemana shi ne, takabar da za ta yi ta fi idda tsawo, saboda haka ranar da ta fita, ta fita da gaske, duk wanda ta aura aurensu halal ne ko da ita ba ta san dalili ba. Ni ba malami ba ne, ban san abin da malamai za su ce ba. Na dai ga cewa a kan wannan lissafin yake tsaye tun daga ranar.

Braimah ya zo Xintang, inda aka ce an ɗauki hoton, sau ɗaya neman kabarin, ya yi ta tambaya da ɗan Sinancinsa ana ce masa meyo, babu. Wanda ba shi da takardu ba a cika ɗaga murya wajen nemansa ba. Bayan 'yan watanni annoba ta zo, aka rufe hanya, 'yan kasuwa suka daina zuwa shekaru. Kafin a buɗe, maganar ta kwanta. Humu ta auri wani mai sayar da kayan gini, ta haifa masa maza biyu. Mijin ne ya saka Hamdia a makarantar koyon jinya. Sulemana yana ganin wannan duka a shafin yarinyar na intanet, ta wayar Mizan. Ya ce duk shekara in ranar ta zagayo takan sa tsohon hotonsa ta rubuta addu'a a ƙasa.

Daga nan aikina na tafinta ya fara, kuma ban taɓa yin aiki mai nauyinsa ba.

"Gaya masa," in ji Mizan, "zan cire sunansa. Zan sa wani suna."

"Gaya masa fuskar ma ta wani zai sa? Ga Alhaji a tsaye, ga ni na tashi. Yaro ɗaya a Aboabo ya gani, kafin magariba ya isa gidan Humu."

"Wa zai kalli fim ɗina a Kumasi? A Dhaka ma mutum nawa ne?"

"Wa ya ce Alhajin Kano zai bi ta lungun wanki? Ai ya bi."

Mizan ya tashi ya zagaya ɗakin. Ya ce yarinyar tana da haƙƙin ta san ubanta na raye. Ya ce ba wanda ya isa ya zaɓa wa 'yarsa maraici. Na fassara yadda ya faɗa, ban rage ba, domin ni ma abin da ke raina ke nan.

Sulemana bai yi fushi ba. Ya ce, "Tambaye shi, in ta sani, sai me? Zan je? Da wane fasfo? In na miƙa kaina aka mayar da ni, in sauka da hannayen nan da tarin nan, a gidan wa? Mutanen unguwa su fara ƙirga watanni, su ce yaran Humu na waye, auren ya yi ko bai yi ba? Shaiduna biyu suna China, ɗaya ma mahaukaci ne mai rataye takalma. Wa zai yarda da su? Mijin nan bai yi mini komai ba, 'yata yake riƙe. Ita kuma ta koma tambayata yaushe zan dawo, in koma cewa bayan Salla."

Na fassara wa Mizan.

"Ba na ce ya ƙona fim ɗinsa ba," Sulemana ya ci gaba. "Inda nake ɗaukar kaya ya bari, ai kafin in mutu aka ɗauka. Sallar ma ya bari. Inda Alhaji ya fita, ya tsaya nan. Tashin kawai zai cire."

"Tashin ne suka karɓa!" Mizan ya buga tebur har shayi ya zube. "In na cire, littafin ne kawai na maimaita. Mahaifina ma ya iya wannan. Furfurar nan a kan tashin na yi ta."

"To ni ma tawa a kan kwanciyar na yi."

Dukanmu mun san abin da ba a faɗa ba. Sulemana ba shi da takarda, ba shi da inda zai kai ƙara. Mizan zai iya tura fim ɗinsa a yau ba abin da zai faru da shi. Ya tsaya a taga ya daɗe yana kallon tsakar gidan da ke ƙasa, inda wata mata ke shanya wanduna. Sannan ya dawo ya zauna, ya ja fim ɗin baya zuwa inda Alhaji ya ɗauki ledarsa. Ya bar tsakar gidan ta yi tsit, gawa a kwance, sahu uku a tsaye, takalman hagu suna lilo. A nan ya yanke. Abin bai ɗauke shi lokacin da ake shan kofin shayi ba.

"A haka ba za su nuna shi ba," ya ce da ni, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ba komai. Dama mutum talatin ne."

Sulemana ya leƙa allon. "Ce masa ya rubuta Allah ya jiƙan Sulemana a ƙarshe. Zai fi kama da gaske."

Mizan ya girgiza kai. "Meyo, Sule bai. Ƙarya ɗaya ta ishe ni."

Sulemana ya raka ni inda zan hau mota. Muka bi gefen magudanar, rana ta yi sanyi, masu keken kaya suna wucewa da diloli. Sau biyu ya tsaya yana tari, ya dafa bango, ya tofar da abin da ban so in duba ba. Na ce ya je asibiti, ya ce asibiti fasfo suke fara tambaya kafin su tambayi inda ke ciwo, lawban ɗinsa yana sayo masa magani a kanti. Ya roƙe ni in yi ta magana, kowace iri, don dai ya ji Hausa. Na ba shi labarin Kwari da tsadar dala da hanyar Zariya. Ya ce in na ga Alhaji Sharfaddeen in gaishe shi da kyau, amma kada in ce daga wa. Ya ce mutumin yana da ladansa, kada in ɓata masa.

Bai shiga tashar ba, ya tsaya a bakin lungu inda ba fitila. Na ba shi lambata, ya ƙi karɓa, ya ce matattu ba sa kira. Motar ta taho. Akwai abin da ke cina tun da na ji tarin nan, na ga in ban tambaya yanzu ba, ba zan sake samun dama ba.

Na ce, "Yaya Sule, ranar da ta Allah ta kasance da gaske, ba wanda ya san kana nan, wa zai yi maka salla?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin da na gani da idona.

"Ai an riga an yi," ya ce. "Sahu uku, da limami daga Kano. Da yawa a garin nan ba su samu ko ɗaya ba."